Bencin da Aka Goge

Yayata ba ta shiga ɗaki kamar sauran mutane. Kowa in ya yi sallama, masu ɗakin yake fara dubawa, ita kuwa bango take fara gaisarwa. Za ta shafa shi da tafin hannu, ta ɗaga kai ta ga ta inda haske ke shigowa, ta ƙwanƙwasa tebur ta ji ko katako ne na gaske ko garinsa aka manna, sannan ta juyo ta ce maka ina kwana. Sana'arta ke nan, tsara cikin gidaje da ofisoshi. Duk inda ta sa hannu sai ka tarar da tukwanen ƙasa cike da shuka, da tabarmi, da katako tsirara babu ɗigon fenti. Shi ya sa a gida muke ce mata Mai Ganye. Ta yi imani cewa rabin ciwon mutanen yanzu daga tayil da roba da gilashi yake, kuma in ka kwantar da mutum kusa da itace da ƙasa da abu mai rai, jikinsa da kansa zai sauko. Na sha yi mata tsiya, na ce wata rana za mu tarar ta shuka albasa a kan katifarta.

Ni ce auta, kuma a hannuna Baba ya dawo lokacin da aikin faɗaɗa titi ya biyo ta kan gidanmu. A lokacin ciwon suga ya riga ya cinye masa idanu, mantuwa ta fara taɓa shi, Mama kuma ta daɗe da rasuwa. Amma a wancan gidan makantarsa ba ta dami kowa ba. Zai fito daga ɗaki hannunsa na bin bango, ya ratsa tsakar gida, ya isa ƙarƙashin bishiyar gwaiba, ya laluba bencinsa ya zauna. Ba ya neman ɗan jagora, kuma in ka kuskura ka riƙe masa hannu sai ka sha faɗa.

Gidana kuwa a hawa na uku yake. Tayil ne tun daga bakin ƙofa har banɗaki, tagogin gilashi, bango sumul kamar faranti, ga na'urar sanyaya ɗaki da Baban yara yake ji da ita kamar shi ya ƙera ta. A nan Baba ya zama wani mutum daban. Ya daina barcin kirki, abinci sai ya tsakura ya ture. Kullum rana ta yi sanyi sai ya sa hularsa, ya ninke bargonsa tsaf, ya kama laluben ƙofa.

"Auta, an gode, Allah ya saka da alheri. A kai ni gida haka nan."

"Baba, nan ma ai gidanka ne."

"A'a. Baƙo raɓa ne. Kada in wuce wuri."

Na gaya masa an rushe gidan ya fi a ƙirga. Duk lokacin da na faɗa sai ya ji shi sabo, hawaye su zubo daga idanun da ba sa gani, gobe kuma ya sake sa hula. Daga baya na daina faɗa, don ni ma zuciyata ba dutse ba ce.

Wata rana ina wanka ya gano yadda ake murɗa makullin ƙofar falo. Ƙarar faɗuwarsa na ji. Na tarar da shi a kan matakala, goshi ya fashe, hula a gefe, yana ba ni haƙuri wai ya ɓata wa mutane bene da jini. Likitan da ya ɗinke shi bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ciwo a jikin mai suga ba ya saurin warkewa, kuma faɗuwa ta gaba ƙila ba ɗinki za ta nema ba. Baban yara mutum ne mai haƙuri, ko sau ɗaya bai taɓa nuna gajiya da mahaifina ba, amma a mota ya ce mini, "Maman yara, ni da ke duk aiki muke fita. In bai daina neman ƙofa ba, sai dai mu kai shi gidan kula da tsofaffi. Gara ya yi fushi da mu yana raye."

Na san wurin. Tsaf yake, ma'aikatansa ba su da laifi. Amma ƙofofin ɗakunan ta waje ake rufe su, kuma na san in aka kai Baba can, zai yi ta ninke bargo yana gode wa mutanen da ba su san ko shi wane ne ba har ranar da zai mutu. Tsoro ya kama ni.

Da na gaya wa Yaya, sai ta shiga ɗakin Baba ta shafa bangon.

"Dubi nan, Auta. Mutumin da hannunsa ne idonsa kuka ajiye a cikin kwalba. Duk inda ya taɓa iri ɗaya ne, sanyi da santsi. Ko ni ce sai na nemi ƙofa."

"To, Mai Ganye, sai mu mayar da shi daji?"

"A'a, dajin zan kawo masa. Ku ba ni ɗakin."

Baba ya jiyo muryarta daga falo, ya ce, "Uwata ce?" Haka yake kiranta tun tana zanen goyo, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ni yakan rikita ni da ƙanwarsa da ta rasu, jikokinsa kuwa ya daɗe da sakin sunayensu, amma muryar Yaya ko cikin hayaniyar kasuwa ce zai tsince ta. Ina jin kishin wannan, ban taɓa ɓoyewa ba.

Aka mayar da Baba ɗakin yara na ɗan lokaci, Yaya ta kwaso ma'aikatanta. Suka shimfiɗa katako a kan tayil ɗin, suka ɗora tabarma mai kauri. Bangon ta sa aka yaɓe shi da laka har daidai kafaɗa, ta hana a lailaye shi, wai a bar wa hannu abin da zai ji. Na'urar sanyin ta sa aka kwance, Baban yara yana kallo yana haɗiyar zuciya. Ta sauke labulen roba ta rataya na auduga sakakke wanda iska ke ratsawa. A bakin taga ta jera tukwane: na'a-na'a, ɗan dashen lemun tsami, da wani ganye mai faɗi da ban san sunansa ba. Ta ajiye 'yar randa a kusurwa. Sannan ta je har kangon gidanmu, inda aka sare gwaibar aka yar, ta zaɓo reshe dogo ta sa aka kafa shi a jikin bango tun daga bakin gado har ƙofar banɗaki, don Baba ya riƙa bi.

Gaskiya ɗaya ce, ko da daga bakin mai tsiya ta fito: aikin ya yi. Ranar da aka dawo da Baba ɗakin, ya tsaya a kan tabarma ya murza yatsun ƙafarsa, ya ja numfashi mai tsawo ya ce, "An yi yayyafi ne?" Ƙamshin lakar ne. A makon ya fara barci har da minshari. Ya koma cinye abincinsa. Da safe shi yake ba na'a-na'a ruwa da ɗan kofi, yana murza ganyen yana shinshina yatsunsa, yana yi wa lemun faɗa wai ya cika ƙaya tun bai girma ba. Na kira Yaya na ce na janye maganar albasa.

Amma da rana ta yi sanyi, sai hula. Yanzu ma ya fi saurin isa ƙofa, don jikinsa ya yi ƙarfi.

"Masaukin nan ya yi, Auta. Masu shi sun san darajar mutum. Sai dai gida gida ne."

Yaya ta zauna a falona ta riƙe kai. Can ta ɗago ta ce, "Benci! Ina bencin Baba?"

Yana ɗakin ajiyar wani tsohon maƙwabcinmu, tare da tarkacen da muka rasa inda za mu kai. Benci ne na katako mai nauyi, mai majingina, an taɓa yi masa koren fenti tun kafin a haife ni, fentin duk ya ɓaɓɓare. Ba abin kallo ba ne. A gefen hagu, wurin zaman Mama, akwai tabon ƙuna mai siffar dutsen guga, daga ranar da ta ɗora na gawayi a kai ta ruga don Yaya ta faɗo daga kan gwaiba. Kusa da shi akwai sare-saren wuƙa, don Mama ba ta yarda da katakon yanka ba in ga benci a kusa. A hannun bencin kuma akwai wata ƙusa da ta ɗago kai, wadda ta yaga wa Mama zannuwa ba adadi, Baba yana cewa gobe zai buga ta, har Mama ta bar duniya goben ba ta zo ba. A kan wannan benci suka yi hirarsu da faɗansu duka. Mafi yawan faɗan a kan mabuɗin gida ne, don guda ɗaya tak gare su, kuma kowannensu ya ƙi a yanko na biyu. In ɗaya ya fita da shi, dole ɗayan ya zauna tsaron gida, don Baba ba ya barin ƙofa a buɗe ko da gobara ake yi a maƙwabta. Mu yara ba a taɓa nuna mana inda suke ajiye shi ba, sai dai mu ji ana cewa yana wurinsa.

Bayan idanun Baba sun tafi, na sha ganin yadda yake zama a bencin nan. Sai ya fara taɓa ƙusar, ya gangaro da hannu ya sami ƙunar, ya zagaye ta da babban yatsa, sannan ya matsa dama ya zauna, ya bar wurin Mama. Shekara da shekaru yana haka, har tabon ya yi santsi ya ɗan lotsa.

Na ba Yaya lambar maƙwabcin na tafi aiki da murna. Ban san bencin zai biya ta wani wuri kafin ya iso gidana ba.

Ita kuwa da ta gan shi, da idon sana'arta ta gan shi. Ƙafa ɗaya tana rawa. Ga ƙusa mai tsatsa, ga sartse, ga ɓawon tsohon fenti, za a ajiye wa makaho mai ciwon suga wanda likita ya ce ko ƙwarzane kada ya samu. Sai ta wuce da shi wurin kafintanta, wanda suka daɗe suna aiki tare, ta gaya masa abin da take gaya masa a kan kowane tsohon katako da ya shigo hannunta: a kankare fenti, a goge, a fito da fuskar itacen, a shafa mai. Da wannan aka san ta. Mutane daga nesa suke kawo mata tebura da ƙofofin kakanninsu don ta yi musu haka.

Ranar hutu aka kawo shi, kafintan da kansa da wani suka hau da shi bene. Da suka yaye bargon da aka lulluɓe shi, sai da na ce kai! Ashe katakon ja ne, mai jijiyoyi kamar an zana su. Yana ɗaukar ido, yana ƙamshin mai. Kafintan yana murmushi yana cewa, "Hajiya, irin wannan itacen yanzu ko da kuɗinka ba ka samu. Ƙunar nan ta ci ciki sosai, sai da na sauke fuskar gaba ɗaya kafin ta ɓace."

Na dubi gefen hagu, babu komai. Na dubi hannun bencin, an cire ƙusar, an cike ramin, ko alamarsa babu.

Yaya ba ta lura da fuskata ba. Ta riƙo Baba tana rawar jiki kamar yarinya. "Baba, zo ka ji abin da na kawo maka."

"Uwata, ke dai ba kya gajiya."

Ya miƙa hannu. Ya sami hannun bencin, ya shafa, ya tsaya. Ya sake shafawa. Ya gangaro inda ƙunar take, babban yatsansa ya yi zagaye a kan katako sumul, ya matsa gaba kaɗan ya sake zagayawa, ya dawo baya. Baba ya bi bencin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sannan ya janye hannunsa ya goge a rigarsa, kamar wanda ya taɓa abin da ba a ba shi izini ba.

"Ma sha Allah. Benci mai kyau. Na masu gidan ne?"

"Naka ne, Baba. Na ƙarƙashin gwaiba. Gyara shi aka yi."

Ya yi 'yar dariya. "Uwata ke nan. Nawa ai tsohon banza ne. Wannan na manya ne. Ki ce musu an gode, amma ni tabarma ta ishe ni."

Na ja Yaya zuwa kicin, kuma ban tauna maganata ba. Na ce mata garin neman gira ta rasa ido. Na ce ita komai sai ta gyara, komai sai ya yi kyan hoto, ko tambaya ba ta iya yi ba, ni da nake wanke shi nake ba shi abinci ban isa a ce mini ga abin da za a yi ba. Na ce ba itace Baba yake nema ba, matarsa yake nema, kuma ta sa an kankare ta. Wannan ta ƙarshen ta yi tsauri, na ga shigarta. Yaya mai baki, wadda ke tsayar da 'yan kwangila su yi shiru, ta jingina da firji. Can ta ce, a hankali, "Tsoro na ji kada ƙusar ta yanke shi."

Kwana biyu ba ta zo ba. Da ta dawo, da tsohon dutsen guga na gawayi ta dawo, wanda ta yi ta yawo wurin masu gwangwan kafin ta samu, da ƙusa, da guduma, da wuƙa. Idanunta sun kumbura. Muka zaunar da Baba a falo muka kunna masa rediyo, muka rufe ɗakin. Ta ɗora dutsen gugar a kan wuta har ya yi zafi, ta ɗauko shi da tsumma, ta tsaya a kan bencin.

"Nan ne?"

"Matsa baya kaɗan."

"A'a, na tuna kusa da baki yake."

"Ke da kika bar gida tun ina firamare za ki gaya mini?"

"Saboda ni aka yi ƙunar nan, Auta."

Sai ga mu, mata biyu da furfura ta fara leƙo mana, muna musu a kan inda uwarmu ta ajiye dutsen guga, kuma babu wadda ta tabbata. Hancin dutsen ma, ni na ce taga yake kallo, ita ta ce ƙofa. Daga ƙarshe ta rufe ido ta danna. Hayaƙi ya tashi. Macen da ko kofin shayi ba ta yarda a ɗora a kan katako ba tare da faifai ba, ta tsaya tana ƙona mafi kyan itacen da ya taɓa shiga hannunta, hawaye na ɗiga a kan tsumman. Ta buga ƙusar ta bar kanta a waje, ta goge shi don kada ya yi kaifi. Ta sassara gefen da wuƙa.

Muka buɗe taga, muka shigo da Baba. Tun daga ƙofa ya ɗaga hanci.

"Me ke ƙonewa?"

"Ba komai, Baba. Taɓa nan ka ji."

Ya taɓa. Sabuwar ƙuna ba ta da santsi, gautsi gare ta, kuma ta bar masa baƙi a yatsa. Ya shinshina yatsan, sai ya ja da baya.

"Innalillahi. An ƙona wa mutane benci. Wa ya yi wannan ta'adi? Uwata, ki gaya musu ba ni ba ne. Ni ko ashana ban riƙe ba tun da na zo. Wallahi ba ni ba ne."

"Mun sani, Baba, ba kai ba ne."

"Sun karɓe ni, sun ba ni ɗaki, a ce kuma... A'a. A kai ni gida kafin su dawo. Ba zan iya haɗa ido da su ba."

Ranar bai jira rana ta yi sanyi ba ya kama neman ƙofa. Washegari ma haka. Ya daina ba na'a-na'a ruwa, wai kada ya sake ɓata wani abu. A rana ta uku ina shanya a baranda ya fice, Allah ya sa Baban yara yana hawowa, ya cafe shi ƙafarsa ɗaya tana lilo a kan matakala. Da ya shigo da shi ya zaunar, ya dube ni, na san maganar gidan tsofaffi ta tabbata. Da yamma na ɗauko jaka na fara ninke kayan Baba, ina yi ina kuka, ina jin haushin Yaya, da na titi, da na Mama da ta tafi ta bar mana shi.

Da safen da za a kai shi, Yaya ta zo don ta raka mu. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ta kasa shiga. Hasken safiya ya ratso labulen ya kwanta a kan lakar bango, lemun ya yi sabon toho. Ɗakin ya yi kyau, kyan da ya ƙara mini baƙin ciki. Baba yana kishingiɗe a kan tabarma a gindin bencin da ya ƙi zama a kai, yana jan carbi. Ban gaya masa inda za mu ba. Na ce masa dai za mu fita, ya ce alhamdu lillahi.

Na durƙusa zan sa masa takalmi, sai carbin ya suɓuce masa ya faɗa ƙarƙashin bencin. Na ce bari in ɗauko, ya ce in bar shi, ai ba hannu ya rasa ba. Ya zura hannu yana lalube a ƙasa. Da zai fito da shi, bayan hannunsa ya gogi cikin bencin ta ƙasa, inda babu mai gani, inda kafinta bai kai injinsa ba. Sai ya tsaya.

Ya saki carbin. Ya juya tafin hannunsa sama. Na sunkuya ina kallo: katakon wurin baƙi ne, da kaushi, da ɗigon tsohon koren fenti da ya gangaro ya bushe. Yatsunsa suka bi ta jikin wani katako da aka gicciya, kai tsaye, ba lalube, har suka isa wani lungu kusa da ƙafar dama. A nan akwai wata 'yar ƙusa da aka lanƙwasa kamar ƙugiya. Duk zamana a gidanmu ban taɓa sanin tana nan ba. Ya kama ta da yatsu biyu ya riƙe.

Ya daɗe a haka. Sannan ya tashi zaune, da wata murya da na manta yana da ita, mai ƙarfi, ta mai gida, ya ce, "Wa ya shigo mini da benci ɗaki? Ruwa za a yi ne?"

Na ce, "E, Baba. Hadari ya haɗo."

"To, kun kyauta. Ruwa yana ɓata shi." Ya dafa ya miƙe, ya hau bencin ya matsa dama ya zauna, ya miƙe ƙafafu. Ya sake zura hannu ƙasa ya taɓa ƙugiyar, ya yi tsaki. "Kun gani ko? Mabuɗin ba ya wurinsa. Ta sake fita da shi. Kullum sai na ce mata in ba nisa za ta yi ba ta bar shi."

Baban yara yana tsaye da jaka a hannu. Ya ce, a hankali, "Baba, fitar fa?"

"Wace fita? In bar gida a buɗe? Ba inda za ni sai ta dawo." Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. "Ku je abinku, ni ina nan."

Baban yara ya dube ni, ya juya ya mayar da jakar cikin kabad. Daga wannan rana har Allah ya karɓi abinsa, Baba bai sake neman ƙofa ba. Yana kan bencin nan kullum, gefen dama, yana sauraron motsin matakala. Mun samu abin da muka roƙa, kuma ban taɓa sanin samun abu yana da ciwo haka ba, don shekarun da ya koma ya zauna a cikinsu, ni ba a ma haife ni ba.

Amma a safiyar nan ban gama gane haka ba tukuna. Yaya ce ta fara ganewa. Ta taho daga bakin ƙofa tana kuka tana dariya, ta ce, "Baba, ka gane shi! Ka gane bencinka!" Ta zo za ta zauna kusa da shi, a gefen hagu, kan ƙunar da ta yi da hannunta.

Baba ya miƙa hannu ya tare wurin.

"A'a, baiwar Allah, yi haƙuri. Nan da mai shi, yanzu za ta dawo." Ya karkata kai yana sauraron numfashinta, da ladabin da yake yi wa baƙi. "Wurinta kika zo? Ba za ta daɗe ba. Bari a kawo miki abin zama."

Ya juya fuskarsa wajen ƙofa, ya ɗaga murya yadda ake kiran yarinyar da ke wasa a tsakar gida.

"Uwata! Ke Uwata! Sauko daga kan bishiyar nan ki kawo wa baƙuwa tabarma."

Yaya ta tsaya a sunkuye, ba ta zauna ba, ba ta miƙe ba. Sannan ta share fuskarta da bakin mayafi, ta taka a hankali zuwa bakin ƙofa, daga can ta amsa.

"To, Baba."

Ta ɗauko 'yar tabarmar da ke jingine a bayan randa, ta dawo ta shimfiɗa a gabansa, ta zauna a kai.